Ragowar Guzurin Hajiya Murja

Hajiya Murja ta dawo daga aikin Hajji da dala ɗari uku ƙulle a bakin zane. Guzurinta ne ta ƙi ci. A Makka garin rogo da ƙuli-ƙulin da ta tafi da su ta yi ta jiƙawa, don tun kafin ta tashi ta ƙudurta sayen injin markaɗe. Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan, kuma unguwarsu a Likoro babu inji kusa.

Ƙaninta Tukur ne ya ce ta dakata. "Yaya, dala kullum hawa take yi. Ki ba ta wata guda, har kuɗin mai za ki samu a kai."

Ta ba ta. Ana jibi za su tafi canji Zariya, aka faɗa a rediyo cewa Babban Banki ya zuba dala a kasuwa. Tukur ya kira ɗan canji, ya ji farashi, ya sauke waya. Dala ta faɗi.

"To ai inji ma ya sauka ke nan," in ji ta.

Ranar kasuwar Hunkuyi ya ɗauke ta a babur. Zulkifilu mai shagon injuna ya ba ta benci, ya yi mata barka da dawowa, sannan ya faɗi kuɗin. Ko kwabo bai ragu ba.

"Hajiya, da tsohon farashin dala na saro shi. In na rage, uwar kuɗi zan taɓa."

Suka koma gida. Matar da ba ta taɓa damuwa da labarai ba, sai ga ta da rediyo a gindin murhu safe da yamma. Bayan mako uku dala ta sake tashi. Suka koma Hunkuyi da murna, suka tarar inji ya riga su tashi.

"Jiya aka kira ni daga Kano, kaya sun hau," in ji Zulkifilu.

"Da ta sauka ba su da lambarka ne?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Hajiya, ni ma na gaji. Sai in sayar da safe, da yamma kuɗin ya kasa sayo wani."

Haka suka yi ta zarya har masara ta nuna. Gwiwoyinta suka fara ciwo saboda babur. Wata Talata ta miƙa wa Tukur ƙullin, ta ce, "Je ka canza yau. Ko nawa ne, kada ka kira ni."

Kuɗin bai kai na sabo ba. Wani tsohon inji suka samu a Gazara, mai hayaƙi, sai an ja igiya sau biyar yake tashi.

Kwana biyu da kafa shi Tukur ya shigo zaure, ya tarar mata sun jera robobin wake da tattasai. Ya ɗaga murya, "Yaya, kin ji dala kuwa? Da mun ƙara haƙuri..."

Ba ta ɗago ba. Ta ƙara ruwa a bakin injin, ta ce, "Matsa, ka tare mini haske."