Birnin da Ya Tsaya Kan Gonar Sambo

Ranar da birnin ya iso, Sambo yana tsugune bakin tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, yana buɗe wa dawarsa ruwa. Hantsi ne, rana ta fara cizo, sai kawai ya ji sanyi ya rufe masa baya. Ya ɗauka hadari ne. Da ya ɗaga kai, sai fartanya ta suɓuce masa ta faɗa ruwa.

Birni ne, wallahi, birni sukutum da ganuwarsa ta jan ƙasa, yana tafe a sama a hankali kamar saniya mai ciki. Ƙarƙashinsa saiwoyin itatuwa na reto. Kana jin carar zakara daga can, har da ƙarar daka. Tsofaffin ƙauyensu, Hillat Gambo, sun sha ba da labarin wani birni da ke yawo cikin gajimare ya rasa wurin sauka, amma wa ke ɗaukar zancen tsofaffi bayan sun sha gahawarsu ta jabana? To, ga shi ya zo. Ya biyo kogi daga wajen garin Suki, ya wuce gonakin mutum ɗari, bai ga wurin tsayawa ba sai daidai kan hawashar Sambo, wato gonarsa mai fadan huɗu, kusan eka huɗu, ta dawa da ta fara ɗaukar ciki. Abincin gidansa ke nan na shekara, ba shi da wani.

Sai ga igiya tana saukowa, da guga a bakinta, busasshe ƙamas. Ya tsaya daidai ƙirjin Sambo yana juyawa.

A Hillat Gambo wannan ba abin tunani ba ne. Kakanninsu da ƙafa suka taso daga yamma za su Makka, ƙishirwa ta kashe na kashewa a hanya, sauran suka zube nan bakin kogi. Tun daga lokacin suka ɗauki alkawari biyu: matafiyi in ya miƙo ƙwarya ba a mayar da ita a bushe, kuma ba a tambayarsa yaushe zai tafi. Har yau kowace ƙofar gida da tulunta da moɗa a kai. Saboda haka Sambo bai yi wata-wata ba, ya tsoma gugan a tur'a, ya girgiza igiya, har ya ɗaga murya ya ce, "Marhaban da baƙi! Ku huta, nan gida ne!" Guga arba'in ya cika a ranar, yana murna wai shi aka zaɓa.

Kwana uku na farko kamar Sallah. Motoci daga Suki, wasu har daga Managil, kowa ya ɗaga waya sama, mata sun kafa murhun shayi a bakin gona. Matarsa Hannatu ce ta fara lura. Ta kawo masa kisra da miya, ta tsaya ta dubi dawar, ta dubi sama.

"Ya Abu Rayan," ta ce, don da sunan ɗansu take kiransa, "rana fa ba ta taɓa wagga dawa."

"Baƙi ne, Hannatu. Za su wuce."

"Sun ce maka haka?"

Ba su ce ba. Ba su taɓa cewa komai ba. Kowace safiya gugan zai sauko, Sambo ya cika, a ja. Mako guda, ganye ya fara koɗewa. Mako biyu, karan ya yi tsawo siriri yana neman haske, iska kaɗan sai ya kwanta. Gonar maƙwabcinsa Tahir kuwa, taku goma kacal daga nan, kore shar, rana na zuba mata.

Babu abin da Sambo bai gwada ba. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. An ciro lasifikar masallaci aka ɗora a kan amalanken jaki, aka yi musu Hausa, aka yi musu Larabci. Tambayar tafiya dai babu mai iya furta ta, sai roƙo ake yi, don Allah su ɗan matsa gaba kaɗan, kan kogi akwai fili. Liman ya rubuta wasiƙa aka ɗaura a igiya. Washegari ta dawo a naɗe yadda aka aika ta. Sambo ya je wurin jami'in noma, mutumin ya saurare shi tsaf, ya ce shi takardunsa na ƙasa da ruwa ne, ba shi da ta cewa a kan sama. Sambo ya dawo da ƙafa, ya zauna bakin gona ya rasa wanda zai yi wa fushi.

Tahir ne ya faɗi abin da kowa ke ɓoyewa a ciki. "Ya zol, bawan Allah, kai ka riƙe su. Ruwanka suke sha. Hana su kwana ɗaya ka gani in ba su kama gabansu ba. In dawar ta samu rana cikin wanga mako, rabi za ta tashi."

"In hana matafiyi ruwa? Ni?"

"To ka ba 'ya'yanka alkawarin kakanni su ci."

Sambo ya dubi liman. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Safiya ta ashirin, Sambo ya zo bakin tur'a ya zauna, ya cusa hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa don kada su ci amanarsa. Gugan ya sauko. Ya kau da kai. Kunya ta ishe shi, ji yake kamar dukan matattun garin sun jeru a bayansa suna kallo. Gugan ya daɗe yana reto, sannan aka ja shi sama a bushe.

Ko za su tashi? Ya ƙura wa gefen inuwar ido ko za ta motsa.

Igiyar ta sake saukowa. Wannan karon ba guga, 'yar ƙwarya ce aka ɗaura, wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. Sambo ya ciji leɓe. Hannatu ta iso da abinci, ta ga ƙwaryar, ta ajiye kwano. Can sama babu daka yau, zakaran ma ya yi shiru. Da rana ta take, aka janye ƙwaryar.

Da igiyar ta dawo karo na uku, sai da ya matso kafin ya ga abin da ke bakinta. Ɗan ƙullin auduga ne, kamar kan babban yatsa.

Kowa a garin ya san aikin irin wannan auduga. Ita ake jiƙawa a shafa wa leɓen wanda ya kasa haɗiya. Da irinta Sambo ya jiƙa bakin mahaifiyarsa ranar da ta cika.

"Innalillahi," in ji Hannatu, ta toshe baki da gefen mayafi.

Bai san lokacin da ya faɗa tur'a har gwiwa ba. Ya jiƙa audugar, ya girgiza igiya da ƙarfi, yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Ku sauko da gugan! Don Allah ku sauko da shi!" Aka sauko da shi. Ya cika, ya cika, ya cika har kafaɗarsa ta mutu. Tahir ya tsaya daga cikin ranarsa yana kallo, daga baya ya juya ya tafi.

Da la'asar Sambo ya shiga cikin dawar. Ya kama kara ɗaya, ya tsage cikin da farce. Babu ƙwaya, sai wani farin abu mai ruwa da warin ruɓa. Ya tsage na biyu, ya tsage na goma.

Hannatu na biye da shi a baya. "Abu Rayan, mi za mu ci bana?"

Ya daɗe yana murza farin abin a yatsunsa.

"Ban sani ba, Hannatu," ya ce. "Gobe ki tashe ni da wuri. Akwai marar lafiya a can sama."