Hannun Dalhatu a Jikin Mangwaro

Duk wanda ya san lambunan bakin ruwa na Dutsin-Ma ya san Malam Dalhatu mai auren mangwaro. Bahago ne. Idan ya ɗauki reza zai haɗa reshen mangwaro mai zaƙi da tsiron na gida, yankansa hagu yake karkata, ledar ɗaurin ma ta baya yake zagayo da ita. Matarsa Rekiya ta sha yi masa tsiya, wai ko itace sai ya bauɗe a hannunsa.

Ran nan ɓarayin daji suka tare motar da yake ciki a hanyar Kurfi, suka kora su gaba ɗaya. Wasu an kira danginsu, wasu sun dawo, shi kuwa Dalhatu shiru kamar an shuka dusa. Damina ta wuce, wata ta zagayo. 'Yan'uwansa suka matsa a yi sadaka a fawwala wa Allah, Rekiya ta ce ita ba ta ga gawa ba. Ta ɗaure zani ta riƙe lambun, tunda yara ba haƙuri suke ci ba.

Sai dai ita raino da ban ruwa ta iya, aure ba aikinta ba ne. Ga shi akwai wani kamfani a Katsina mai shirya wa masu hali lambu a gidajensu, wanda tun zamanin Dalhatu yake sayen dashe a wurinsu, kuma 'yan aure yake so. Ana haka sai ga Ashafa, wani dillali ɗan wajen Kurfi, baki kamar zuma, da a-kori-kura shaƙe da dashen mangwaro 'yan aure. Da ta tambaye shi inda yake samowa, cewa ya yi, “Yaya Rekiya, a bar kaza cikin gashinta.”

Ta saya, ya sauke mata. Bayan ya tafi ta duƙa tana ba su ruwa, sai idonta ya faɗa kan wurin ɗaurin. Yankan ya karkata hagu. Ta jawo na kusa da shi, haka. Ta bi layin nan da rarrafe tana dubawa, duk haka. Ta zauna dirshan cikin laka, ga kuka ga dariya, tana faɗin, “Yana da rai! Wallahi Malam yana da rai!”

Daga nan ta kama bakinta, ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba. Kuma kar wani ya yi saurin ganin laifinta. Ta san ba don ƙauna mutanen nan suka bar shi ba. Sun gano yana da sana'a a hannu, suka ajiye shi yana yi musu bauta da bakin bindiga. Muddin kaya na shiga kasuwa, za a ba shi abin da zai ci. Saboda haka ta dage da saye, har ta je ta lallashi kamfanin ya ƙara yawan abin da yake ɗauka.

Wata safiya Hajiya Batula ta zo, wadda kamfanin ya ɗora wa zagaya lambunan da yake hulɗa da su. Mace ce mai sanyin magana. Ta zauna kan bokiti ta ce, “Maman yara, ba tarko na zo ɗana miki ba. Mun ɗaukar wa kanmu ba za mu dasa itacen da aka tilasta wa wani ya raina ba. Idan kin san akwai irin haka a inda kayanki ke fitowa, ki faɗa mini, mu daina saye, mu kai maganar inda ta dace.”

Mu daina saye! Kalmar nan ta soki Rekiya har ƙashi. Ta ce lafiya lau komai yake, ta tsinko mata zogale, ta raka ta bakin mota.

Ba a jima ba sai ga Mairo daga Makera, matar Rabi'u, wanda Dalhatu ya koya wa aure. Ko sallamar kirki ba ta yi ba ta zube a tsakar gida.

“Inna Rekiya, sun tafi da shi. Har cikin lambu suka same shi. Ga shanu a ɗaure ba su kalla ba, tambaya kawai suke yi, ina mai auren mangwaro?”

Rekiya ta rungume ta. Ita kaɗai ta san dalili. Kayan da ta sa aka ƙara ne suka fi ƙarfin hannu ɗaya, aka fito neman na biyu. Kai, duniya! Ta kalli goyon da ke bayan Mairo, ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Da Mairo ta tafi ta ɗauki waya ta kira Hajiya Batula, ta zayyane mata komai, ba ta rage ba.

Ranar kasuwa Ashafa ya iso da lodi, yana ta fara'a. Ya kama igiya zai kwance, ta ce, “Kada ka sauke.”

Ya dube ta, ya gane ta sani. Fara'ar ta gushe. Ya rage murya ya ce, “Yaya, ni ɗan aike ne, ni ma wuyana a hannunsu yake. Amma ki sani, mutanen nan ba sa ciyar da bakin da ba ya kawo komai.”

“Na sani.”

“Mijinki ne fa.”

“Rabi'u ma mijin wata ne. In na karɓa yau, gobe gidan wa za su shiga?”

Ashafa ya mayar da igiyar ya ɗaure. Har ya buɗe ƙofar mota sai ya tsaya, kansa a ƙasa.

“To me zan ce masa? Shi ne fa tun farko ya roƙe ni in kawo miki, ban kai wa kowa ba. Ya ce in kin gani za ki gane.”

Rekiya ta dafa jikin motar. Ashe duk lodin nan sallama yake aiko mata. Ko so yake ta saya ya rayu, ko so yake ta faɗa wa duniya, ba ta sani ba, kuma babu mai gaya mata. Ta miƙa hannu ta shafa wurin ɗaurin wani ɗan mangwaro da ya leƙo ta gefe, hawaye na bin fuskarta.

“Ka ce masa na gane,” in ji ta. “Ka ce ya yafe mini.”