Surutun da Dogo Ya Bari a Cikin Sikeli

A tsaye manaja ya ba Maman Biyu aikin, hannunsa ɗaya riƙe da ƙofa.

"Shara ce kawai," in ji shi. "Ki kwashe surutun nan na cikin sikeli. Kafin azahar kin gama."

Kamfaninsu sikeli yake ƙerawa, irin manyan nan da ake awon buhuna da su a rumbunan ajiya, ita kuma tana cikin masu rubuta manhajar da ke tafiyar da shi. Sashenta shi ne na can ƙasa, wanda suke kira kanel, inda kowa ke gudun sa hannu. A cikinsa akwai wani guntun kod, wato rubutaccen umarni ga na'ura, da aikinsa amsa kira. Duk sanda aka ɗora kaya ko aka danna maɓalli, na'urar takan saki abin da take yi, ta ruga ta amsa, ta dawo. Ƙa'idar wurin ita ce a shiga a fito da hanzari. Amma wanda ya rubuta shi, wani Dogo da ya bar aikin tun tana goyon tagwayenta, ya cika shi da saƙonnin da mai binciken matsalar manhaja ke sakawa don ya ga inda na'ura ta kai. Ya tafi bai kwashe abinsa ba. Yanzu sun cika ma'ajiyar sikelin, masu saye suna ta ƙorafi.

Ta buɗe fayil ɗin tana hamma. "Na iso nan." Ta goge. "Nan ma na iso." Ta goge. Can ƙasa akwai "wai har yanzu?" da wani da ya ce "Allah ya sa" kawai. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta share su duka, ta ɗora sabuwar manhajar a sikelin gwaji da ke ɗakin baya, ta ɗauko dunƙulen ƙarfen da suke awo da shi ta aza. Lamba ta fito daidai. Ta danna a buga rasit, ta sauke ƙarfen, ta sake azawa.

Sikeli ya sandare.

Ta kashe ta kunna. Ya yi aiki na ɗan lokaci, ya kuma sandarewa. Ta mayar da saƙonnin Dogo, ya koma lafiya lau kamar ba shi ba. Ta zauna a kan wani kwali ta zuba wa allon ido. Azahar ta wuce, la'asar ta bi bayanta.

Kwanakin da suka biyo baya, ita da ƙarfen nan ne. Sai ta cire saƙo ɗaya, ta aza, ta sauke, ta aza, ta sauke, har ƙugunta ya fara ciwo. Ɗakin babu taga, fankar kuma sai ƙara, ba iska. A ƙarshe dai ta gano mai laifin, ko kuma mai ceton: "wai har yanzu?" Muddin yana nan, sikeli lafiya. Da an cire shi, an shiga uku.

Ta nemo lambar Dogo wurin mai gadi. Da ya ɗauka, ba ta jin komai sai kukan kaji.

"Maman Biyu! Ashe kina nan a ɗakin baya? Ya yara?"

"Lafiya. Dogo, kaji nake ji?"

"Kiwo nake yi yanzu. Wallahi har ƙiba na yi."

Ta gaya masa abin da ke faruwa. Ya yi dariya har da tari.

"Wannan layin? Ai ni ma ban san dalili ba. Na sa shi don in kama matsalar, sai matsalar ta ɓace. Na ce alhamdu lillahi, na kama gabana."

"Ka kama gabanka ka bar min."

"Ki bar shi mana, 'yar uwa. Wa zai sani? Tsaya, wata ta fita daga keji."

Ta ji faɗuwar wani bokiti, layin ya yanke. Ta daɗe riƙe da wayar. Ba haushinsa take ji ba. Muryarsa ce ta tsaya mata a rai, muryar mutumin da ke barci ya ƙoshi.

Manaja ma maganarsa ke nan da ta same shi. "Ki mayar da ɗayan, ki cire sauran, mu huta."

"Ranka ya daɗe, ɗayan ne ya fi kowanne cika ma'ajiya. Kuma ba gyara yake yi ba, jinkiri yake jawowa. Ranar da muka sa wa sikelin ƙwaƙwalwa mai sauri, jinkirin ba zai isa ba."

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Shi ma a gajiye yake, ta gani.

"To ki yi abin da za ki yi. Ni dai kar wani ya sake kirana."

Kalmar jinkirin da ta faɗa da bakinta ita ta buɗe mata hanya. Ta koma ta bi kod ɗin a hankali, sai ga shi. Kiran awo da kiran buga rasit wuri ɗaya suke ajiye lamba. In suka zo tare sai su yi karo, ɗaya ya taka na ɗaya. Ɗan lokacin da ake ɓatawa wajen rubuta saƙon Dogo shi ke raba su, ba da niyyar kowa ba. Ta sa musu makulli, wanda ya riga shiga ya rufe har ya fito. Gyaran bai kai tsawon tafin hannu ba.

Ta goge "wai har yanzu?" Ta aza ƙarfe, ta sauke, ta buga rasit, ta yi ta yi har takardar injin ta ƙare. Sikeli bai ko gezau ba. Ta jira ta ji daɗi, daɗin bai zo ba. Ƙugunta kawai take ji.

Da yamma ta iske maigidanta a falo yana goge kayan makarantar tagwaye, su kuma suna rigima a kan fensir.

"Injiniya ta dawo," ya ce. "Yau ma sikelin ne ya yi nasara?"

"Na gama."

"Kai! Yara, ku tafa wa mamanku."

Suka tafa ba tare da sun san dalili ba. Ta kwanta rub da ciki a kan doguwar kujera, ko takalmi ba ta cire ba. Ya kashe dutsen guga, ya ɗauko man zafi ya zauna a gefenta yana shafa mata a baya.

"To ba ni labari, me ya same shi?"

"Abu biyu ne," ta ce, fuskarta cikin matashi. "Suna zuwa lokaci ɗaya, sai ɗayan ya..."

Ya jira sauran. Da ya leƙa fuskarta, sai ya ɗaga wa yaran yatsa su yi shiru, ya zare mata takalman a hankali.