Muryar Ashiru a Cikin Kwalla

Malam Nata'ala ya yi shekara arba'in yana sayen fata a mayankar Oko-Oba, har warin gishiri ya zauna masa a tafin hannu, sabulu ba ya fitar da shi. Da ƙafa ta ƙi, sai ya koma zaman gida a ɗaki biyu bayan layin dogo a Agege, shi da matarsa Turai. Idon Turai ya tafi shekara uku da suka wuce. Zuciyarta kuwa, likita ya ja shi gefe ya ce masa ta yi rauni ƙwarai, kada a kawo mata labarin da zai razana ta.

Wata bakwai ke nan yana riƙe da irin wannan labari. Ɗansu na fari, Ashiru, direban tirelar shanu, ya rasu a hatsari kusa da Mokwa, aka binne shi can kafin waya ta iso Legas. A masallaci aka karɓi gaisuwa. Duk layin ya sani, duk layin ya kama bakinsa. Ita dai an ce mata an mayar da shi hanyar Maiduguri zuwa Fatakwal, shi ya sa ba ya leƙowa.

Abin da ya riƙe wannan magana ita ce wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, wadda Ashirun ya saya masa. Yaron mai surutu ne, duk inda ya tsaya sai ya aiko da saƙon murya: yana Jebba ana ruwa, taya ta fashe, ya ci tuwon da bai kai na Inna ba. Saƙonnin sun taru da yawa. Malam ba ya karatun boko, sai ajami, amma ya san kowanne da tsawonsa. Kullum bayan koko sai ya zaɓi ɗaya ya kunna mata. Ta saurara, ta amsa, shi kuma ya kara mata wayar a baki kamar yana ɗauka. Ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai ta ce, "A gaya wa direban nan ya rage gudu."

Idan wayar ta yi ɗumi a hannunsa, yakan ji kamar numfashin yaron ne ya ɗumama ta. Bai taɓa faɗa wa kowa haka ba.

Wata Litinin ya taɓa wurin saƙonnin, sai wani farin allo da rubutu ya rufe su. Ya danna, ya danna, da ƙyar ya kauce. Ya kunna mata na ranar, ya ɗauki sandarsa ya nufi rumfar Ridwanu mai gyaran waya a bakin dogo.

Ridwanu ya karanta ya yi dariya. "Baba, wayarka ta yi ritaya. Sun ce daga ran Juma'a wurin saƙon nan ba zai ƙara buɗewa a kanta ba, sai ka sayi sabuwa."

"Me ta yi musu?"

"Tsufa ta yi. Ai kai ma ka san laifin."

"Ba ta ciwo, ba ta komai. Su wa suka yanka mata rana?"

"Masu kamfani, Baba. Ba su san Agege ba balle su san ka." Da ya dubi fuskar tsohon sai dariyar ta ɗauke, don shi ma ya san abin da ke cikin wayar. Ya rage murya. "Bar min ita zuwa jibi, in kwashe maka su a memori. Aiki ya yi min yawa yau."

Malam ya duba teburin. Wayoyi ne a farke, an zare musu kayan ciki, kamar kwatar da ya baro. Ya tuna wani maƙwabci da ya kai tasa gyara ta dawo fes, ba ko lamba ɗaya a ciki. Ya miƙa hannu ya karɓe abarsa.

"Baba, kada Juma'a ta same ka da ita a haka."

Bai juyo ba. A hanya wata motar haya, danfo, ta kusa kwashe shi, kwandasta ya zage shi da Yarbanci, bai ma ji ba. Ran Talata allon ya sake fitowa, ran Laraba ma haka, kuma kullum sai ya fi daɗewa kafin ya kauce. Abinci ya daina wuce masa. Idan Turai ta yi tari a ɗaki sai ya miƙe tsaye.

Ran Alhamis da hantsi dabara ta zo masa, daga abin da ya sani. A da can, idan aka ji duba-gari za su zo kwata ranar kaza, duk mai naman da yake shakka sai ya ɓoye shi ya rufe rumfa. Su zo, su zagaya, su buga hatimi a kan abin da suka gani, su tafi. Washegari kowa ya buɗe. Wanda ba a tarar ba, ba a kama shi. To su ma waɗannan ran Juma'a suka ce za su zo. Idan suka leƙo suka tarar wayar a kashe, ai sai su wuce.

Ya kashe ta, ya naɗe ta a wani guntun fatar akuya, ya saka a cikin kwallar Turai ta aure mai murfi, ya tura can ƙarƙashin gado. Ya ɗora dutsen guga a kan murfin.

Ran Juma'a ya ce mata ba wuta, waya ta mutu. Ta ce, "To fankar nan da iskar me take juyawa?" Ya ce janareton maƙwabta ne, ba ya caji. Daga masallaci ya dawo da sauri ya zauna a bakin gado, duga-dugansa na taɓa kwallar, yana ƙirga jiragen ƙasa da ke wucewa har rana ta faɗi.

Asabar da safe ya fito da ita ya kunna a tsakar gida. Ta yi haske, ta yi kukanta na kullum, har ya fara hamdala. Ya taɓa wurin saƙonnin. Farin allon ya fito. Ya danna sama, ya danna ƙasa, ya goge gilashin da bakin riga, ya tofa bisimilla. Allon bai motsa ba.

Ya kai ta rumfar Ridwanu. Ridwanu ya jujjuya ta ya girgiza kai. "A kalandarta ranar take, Baba, ba zuwa suke yi ba. Ko a rijiya ka sa ta, ta san kwanan wata. Wataƙila saƙonnin suna nan ciki. Ba ni kwana uku, amma ban yi alkawari ba."

Wannan karon ya bar ta. Ya dawo hannu ba komai, yana shirya abin da zai ce na kwana uku.

Tun daga ƙofa ya ji muryar wata mace a ɗakin. Nazifa ce, amaryar da ta tare a ɗakin gaba makon jiya daga Gusau, wadda ba wanda ya tuna ya ja mata kunne. Tana zaune kusa da Turai da waya a hannu.

"Sannu da zuwa, Baba. Inna ce ta karanto min lambar Yaya Ashiru da ka, na kira mata."

Wayar tana ƙara a fili. Malam ya miƙa hannu zai karɓe ta. Aka ɗauka. Wata mata ce, da hayaniyar kasuwa a bayanta, ta yi tambaya da Yarbanci. Turai ta iya Yarbanci kamar 'yar gari. Ta ce mai lambar take nema, direba. Matar ta ce ita ba ta san wani direba ba, sabon layi ne, wata biyu da ta saya a shago. Ta kashe.

Nazifa ta dubi fuskar Malam, ta tattara zanenta ta fita.

Ya zauna a ƙasa gaban gadon. Turai ta juyo da fuskarta daidai inda yake.

"Malam."

"Na'am."

"Yaushe?"

Ya daɗe yana kallon jijiyar wuyanta tana bugawa. "Bayan Babbar Sallah. A Mokwa."

"An yi masa sallah?"

"An yi. Mutane da yawa, in ji abokan aikinsa."

Ta dafa ƙirji. Ya yunƙura zai ɗauko magani, ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Numfashinta ya yi sama, ya tsaya, ya dawo.

"Wata bakwai ina roƙa masa sauka lafiya," in ji ta. "Yana kwance yana jiran gafara daga bakina, ni ina ce masa ya rage gudu."

"Likita ne ya ce..."

"Kawo min buta."

Ya kawo. Ya riƙe mata tana alwala. Ya juya ta gabas. Ta tayar da sallah a zaune, shi kuma ya tsuguna a bayanta da kwalbar maganin a hannu, idonsa a kan kafaɗarta, yana jiran kowace ɗagawa.