Lemon da Kowa Ya San Zai Nutse

"Mama, tunda ke ma koyon malanta kike yi, wa yake dukanki in kin yi kuskure?"

Maman Aku tana durƙushe gaban bokiti a tsakar ɗaki, da lemo a hannu. Ta ce, "Ba a dukana. Rubutawa ake yi."

"Gara duka," in ji Aku, ta gyara zama a kan kujerar tsuguno.

Babanta ne ya sa mata Aku, don duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta baki, har da tarin mai maganar. Tana aji biyu a makarantar da uwarta ke koyar da 'yan aji huɗu.

Digirin kimiyya ne da Maman Aku, amma takardar koyarwa ce babu. Da ta bincika, ta ga ko dai ta koma kwaleji shekara guda cur ba albashi, ko ta shiga karatun Asabar da Lahadi ta biya daga aljihun da babu komai ciki. Sai hanya ta uku: makaranta ta ɗauke ka aiki, ta riƙa biyanka, kana koyarwa kana koyo, kwaleji kuma ta riƙa turo mai duba ka. Baban Aku gyaran fanka yake yi, in sanyi ya shigo kasuwa ta kwanta. Ba ta daɗe tana tunani ba, ta ɗauki ta ukun.

Mai dubawar wani dattijo ne siriri da malamai ke kira Sufeto. Sharaɗinsa ɗaya sananne ne: darasin ranar dubawa ya zama sabo ga yara. Wanda ya karantar da shi a ɓoye tun da wuri don aji ya yi ta ɗaga hannu, ya faɗi, gurbinsa kuma a ba wani.

Shi ya sa ba ta taɓa kai bokitin makaranta ba. A gida take gwaji kullum da yamma, Aku ce ajin. Za ta ɗaga lemo ta tambaya ko zai nutse, ta saka shi a ruwa ya yi ta yawo a sama. Sai ta ɓare shi, ta dafa ƙugu ta ce, "Yanzu ya rage nauyi, ni dai a ganina ba zai nutse ba." Ta sake shi, ya tafi ƙasa. Ta zaro ido ta ce, "To fa. Wa zai taimaki Malama?" Har zaro idon sai da ta gwada a madubi.

Ranar dubawa Sufeto ya zauna a bencin ƙarshe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Maman Aku ta ajiye bokiti a kan tebur, ta ɗaga lemo.

"Ba zai nutse ba," in ji ajin gaba ɗaya, ba ta ko buɗe baki ba.

Ta fara ɓarewa. Wata yarinya a gaba ta ce, "Malama, ba ki dafa ƙugu ba."

Ta sake lemon, ya tafi ƙasa. Yara suka zaro ido tare, suka ce, "To fa. Wa zai taimaki Malama?" Hannu ya tashi a kowane benci. Monita ya miƙe ya bayyana cewa ɓawon yana da ƙananan ramuka masu riƙe iska, kamar rigar da ake sa wa mai koyon iyo. Misalinta ne, kalma ba ta canza ba.

Sufeto ya rufe bironsa. "Yara, wa ya koya muku wannan?"

Yatsu suka nuna taga, wajen aji biyu. "Malama ƙarama. A ƙarƙashin bishiya, in muna jiran a zo ɗaukarmu."

Sai lokacin Maman Aku ta gane dalilin da ya sa 'yarta ta dage kwanan nan sai an sa mata lemo a jaka, ita da ba ta son tsami.

"Monita, je ka kira ta," in ji Sufeto.

Maman Aku ta riga monita isa bakin ƙofa. Ta tare hanya. "Ranka ya daɗe, 'yata ce, kuma ƙarama ce. Ba za a tsayar da ita gaban manyanta a titsiye ta ba. A gida nake gwaji a gabanta, ban hana ta faɗa ba don ban zaci za ta faɗa ba. In faɗuwa ce, ni a rubuta."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ta ci gaba da darasi. Ta ci gaba, ita da yara suna faɗar komai tare har aka kaɗa ƙararrawa.

Da aka tashi, ta tattara ɓawo a leda, tana tunanin yadda za ta gaya wa Baban Aku. Tana fitowa ta hango Sufeto a ƙarƙashin bishiya, zaune a kan tubali cikin yara. Aku na tsaye gaban bokitin wanke hannu, ta dafa ƙugu.

"Kai Baba na baya, ban ji amsarka ba."

"Zai nutse, Malama," in ji Sufeto.

"Ɗaga hannu ake yi."

Ya ɗaga.

Bayan an watse ya taso yana kaɗe wando. "Darasin ya tsaru," ya ce wa Maman Aku. "Sai dai yau ba ke na duba ba, don haka ba abin da zan rubuta miki. Zan dawo mako mai zuwa, ki shirya wani sabo. Abu ɗaya: Malama ƙarama tana juya wa aji baya in tana bayani. Na san inda ta gani."

A hanya Aku ta ce, "Mama, ya rubuta ki?"

"Bai rubuta ba."

"Tsohon nan yana da ƙoƙari, amma ba ya ɗaga murya."

Tun daga ranar Baban Aku ne ajin. Yana zama a kujerar tsuguno, ana rufe ƙofa, kafin a kai rabin darasi ya yi barci, kuma har yau ba wanda ya taɓa jin komai daga bakinsa. Aku tana waje tana leƙe ta ramin mukulli, don haka aka toshe shi da auduga.

Ke da kike shirin bin wannan hanya, aikin na da kyau, kuma za ki ciyar da gidanki kina koyo. Amma kada ki kuskura ki gwada darasinki a gaban yaron da ke shiga ƙofar makaranta ɗaya da ke. In babu wanda zai zauna miki sai shi, ki jera filo a kan gado ki koya musu.