Gurbin Lucius Tarver

Duk wanda ya san Orval Stuckey ya san ƙwallon nan. Tsohuwar fata ce da ta yi ja ta ƙeƙashe, a cikin akwatin gilashi a falonsa, ko matarsa ba ta isa ta kai masa tsumma ba. Da shi ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinsu ta ci kofi a 1948, zamanin da 'yan wasan jihar Indiana ta Amurka ke kwana a mota su wayi gari a masana'anta. Mutum goma ne a ƙungiyar, amma tara ne suka sa hannu a jikin fatar. Gurbin nan guda ya hana Orval sakat shekara da shekaru.

Na goman shi ne Lucius Tarver, baƙar fata ɗaya tilo a cikinsu, kuma shi kaɗai ya rage da rai. Da ƙyar Orval ya gano yana garin Gary, a gidan 'yarsa, ciwo ya ci ƙarfinsa. Ya ƙudura zai kai masa ƙwallon ya sa hannu.

"Kai dai ba ka da kai," in ji Delbert, abokinsa mai shagon tsofaffin katunan 'yan wasa. "Sabuwar tawada a kan tsohuwar fata? Ranar da biro ya taɓa shi ya tashi daga kayan tarihi, ya koma na yaran unguwa."

"Ai ba sayarwa zan yi ba, sarkin surutu. So nake ya cika."

Ya naɗe ƙwallon a tawul, ya ɗaura masa bel a kujerar gaba, ya kama hanya.

Bernice, 'yar tsohon, ta shigar da shi. Kai, tsufa bai da kirki! Mutumin da ake cewa sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ga shi a kujera an lulluɓe shi da bargo, hannuwan ne kawai suka rage da girmansu. Ya karɓi ƙwallon, yatsunsa suka nemi ɗinkin da kansu. Ya riƙa juya shi yana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya.

"Dutch, mai rowar fasin. Har ya mutu bai ba ni ƙwallo da son ransa ba." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Orval ya miƙa biro. "Baba Tarver, kai kaɗai ka rage. Ga wurinka nan, ban bari ko ƙura ta zauna ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon wurin.

"Ɗan nan, ka san inda aka sa hannun nan?"

"A'a, Baba."

"A otal, wurin walimar kofi. Ni na jefa ƙwallon ƙarshe, amma mai gadi ya ce irina ba sa shiga. Ina cikin mota a waje, ina jin tafinsu. Dutch ne ya fito mini da cinyar kaza a takarda."

Kunya ta kama Orval har wuya. Ya san irin tawadar kowane suna, ya san wanda ya yi da hagu, amma bai taɓa tambayar kansa me ya sa tara ba.

"To ai yanzu sai a gyara, Baba," ya ce a hankali.

"A gyara wa wa?" Tsohon ya mayar masa da biron, ya danne hannunsa da nasa. "In na rubuta, jikokinka za su ƙirga goma, su ce ina cikin ɗakin. Ban shiga ba. Bar shi yadda suka bar shi."

Ba a kai ga hunturu ba Bernice ta bugo waya ta ce an binne shi.

Da Delbert ya zo gidan Orval, ya tsaya gaban akwatin ya ɓata fuska. "Wa ya juya maka shi? Ka ɓoye sunayen duka, ka fito da fata tsura."

"Ni na juya," in ji Orval. "Zauna in gaya maka ko gurbin wane ne."