Hotuna Bakwai a Ɗigo Ɗaya

Shekara ashirin da biyu Malam ya yi yana koyar da tarihin garin, bai taɓa damun tsofaffin wuraren da ziyara ba. Sai bana aka kawo sabon tsari: kowa, malami da ɗalibi, ya ɗauki hoton wani tsohon wuri da waya, wayar ta riƙe inda aka tsaya, hoton ya fito a taswira daidai gurbinsa. Malam ya saurari rabin bayanin, ya tafi shan shayi.

Ranar da Sufeto ta zo, wadda rahotonta ne zai yanke ko Malam zai zama shugaban sashe, aka haska taswirar a bangon aji. Hotunan ɗalibai suka watsu, tsohuwar rijiya a gabas, tashar jirgin ƙasa a kudu. Na Malam guda bakwai kuwa suka dunƙule a ɗigo ɗaya.

"Ikon Allah," in ji Sufeto, tana gyara tabarau. "Ƙofar gari, kurkuku, kotun farko, duk a lungu guda? Ina ne nan?"

Malam ya san wurin sarai. Teburin falonsa ne, inda ya buɗe wani tsohon littafi ya bi shi shafi-shafi da waya. Rigarsa ta fara manne masa a baya.

"Na'ura ce, ranki ya daɗe. Me ta sani a tarihi?"

"Malam, ba ta kuskure," in ji ɗalibar da ke kan kwamfutar, wadda ake kira Rediyo. "Bari in matso da ita."

Taswira ta buɗe. Titi, kwana, rufin kwano, bishiyar gwaiba.

"Lah!" in ji Rediyo. "Malam, ba motarka ba ce wannan?"



Sufeto ta rufe biro. "Tawa motar tana waje. Wuri mai tarihi haka, ai sai an gani da ido."

Malam ya tuna littafin yana nan a buɗe kan tebur. Ya tuna matarsa, wadda ba ta taɓa barin baƙo ya fita da sauran tambaya ba.

"Gidana ne," ya ce. "Daga littafi na ɗauka."

"Na sani. Kurkukun nan an rushe shi tun kafin a haifi yaran nan." Sufeto ta buɗe biro, ta rubuta wani abu gajere ƙwarai. "Shugaban sashe sai wata shekarar. Amma ƙofar gari tana nan. Ran Asabar Rediyo za ta nuna maka hanya."